Soyayyar Matasa da Kaɗaici a Ƙagaggun Labarai: Abin da Tarihin Jos Ya Nuna

Ƙagaggen labari na zube a rubutun boko, wato labarin da marubuci ya ƙirƙira da kansa ya kuma tsara shi cikin zance maimakon waƙa, bai cika shekara 100 da fitowa a harshen Hausa ba, amma a cikin wannan ɗan lokaci babu jigon da ya kai soyayyar matasa yawan marubuta da masu karatu. Masu suka sun daɗe suna ɗaukar irin waɗannan littattafai a matsayin abin ɓata lokacin 'yan mata, alhali wanda ya karanta su a jere, daga na farko zuwa na baya-bayan nan, zai tarar cewa abin da ya haɗa su shi ne saurayi ko budurwa da magana ta cika wa ciki, aka kuma rasa wanda za a faɗa wa. Wannan kaɗaici yana da nasa tarihin, domin ya sauya kama gwargwadon yadda kuɗi da makaranta da ƙaura suka sauya zaman jama'a, kuma garin Jos, wanda baƙi suka cika tun kafuwarsa, wuri ne da ake ganin sauyin a fili, ko da yake Zariya da Kano ne suka buga mafi yawan littattafan.

Kafin zuwan boko, neman aure a ƙasar Hausa abu ne da ake yi a idon jama'a. 'Yan mata kan fita dandali da dare su yi gaɗa, samari na kewaye da su a ƙarƙashin sarkin samari, wanda ke sasanta rigingimunsu ya kuma shirya wasannin sallah da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, sannan akwai tsarance, wato al'adar da ta yarda saurayi da budurwa su raba dare suna hira a ɗaki ɗaya bisa sharaɗin tsare mutunci, wadda malamai suka yi ta yaƙa har ta gushe a yawancin wurare. Auren fari kuwa yana hannun iyaye, musamman auren zumunci. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda aka fara aurar da ita ga ɗan'uwanta Duma alhali hankalinta na kan Malam Maigari, wanda sai daga baya ta aura. Labarin nata ya nuna cewa an san auren da ba a so tun da can, sai dai tsarin zaman ya tanadi wuraren sauke nauyin zuciya, domin yarinya tana da ƙawar da ta san sirrinta, tana da kaka da gwaggo da take iya yi wa kuka ba tare da kunya ba, idan kuma zaman ya ƙi, zawarci yana ba ta ikon zaɓen miji na biyu da kanta.

Garin Jos ya taso ne a wajen wannan tsari. A farkon ƙarni na 20 Turawan Kamfanin Neja suka biyo sawun kuza, ma'adinin da maƙeran Liruwe suka daɗe suna narkarwa, har suka hau tsaunukan da Birom da Anaguta da Afizere ke zaune a kai, kuma wajajen 1904 Kanar Laws ya kafa sansaninsa a Naraguta. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan a 1927, kamfanonin haƙar kuza kuwa, da yake mutanen ƙasar manoma ne da hankalinsu ke kan gonakinsu, sai suka dogara da leburorin da ke kwararowa daga Kano da Zazzau da Bauchi da Borno, har da ƙasashen da Faransa ke mulka. A haka barikoki suka bazu a Bukuru da Barikin Ladi da Bisichi da Dorowa, bariki kuwa a nan yana nufin sansanin bukkokin da kamfani ya gina wa ma'aikatansa kusa da ramin haƙa, inda helima, wato shugaban leburori, ya tsaya a matsayin mai gida. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, gwamnatin mulkin mallaka ta ƙara da aikin tilas, aka kwaso mutane daga lardunan Arewa zuwa tsaunin, sanyi da yunwa da cututtuka suka halaka da dama daga cikinsu.

Yawancin mazauna barikin samari ne da gwauraye da suka zo da niyyar tara kuɗin haraji da na aure su koma, kuma kamar yadda Bill Freund ya nuna a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza, kamfanonin sun bar caca da kiɗa da gidajen mata masu zaman kansu su bunƙasa a sansanonin, domin su ne ke cinye albashin lebura su kuma riƙe shi a bakin aiki. Matan suna ƙarƙashin magajiya, shugabar da ke ba baƙuwa masauki ta kuma tsaya mata idan rigima ta taso, kuma sanannen abu ne a duk Arewa cewa gudun auren dole na cikin manyan dalilan da ke kai mace irin wannan gida. Ke nan a wuri ɗaya aka tara saurayin da ya bar budurwarsa a ƙauye saboda ba shi da abin da zai kai gidansu, da yarinyar da ta tsere wa mijin da aka zaɓa mata, kowannensu ya rabu da dandali da ƙawa da kaka. Leonard Plotnicov, wanda ya yi bincike a Jos a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafinsa a 1967, ya tarar da mutanen da suka shekara da shekaru a garin amma har lokacin suna ɗaukar kansu baƙi, zukatansu na can garuruwan da suka baro.

A zamanin da barikokin kuza ke cika ne labarin soyayya na farko ya fito a rubutun boko. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Huɗun farko sun karkata ga yawon duniya da yaƙi da bauta da sata, Jiki Magayi ne kaɗai ya ɗora labarinsa a kan saurayi da budurwa. Abubakar da Zainab sun shaƙu tun suna yara, sai attajiri Malam Shehu, wanda ke da mata da dukiya amma bai sami haihuwa ba, ya shiga tsakani da kuɗinsa ya aure ta. Abin lura shi ne marubutan ba su tsaya a ɗakin Zainab ba, sun bi Abubakar ne, wanda ya bar gari shi kaɗai ya shiga dazuzzuka neman asirin ramuwa, ya sha wahalar da ta nakasa jikinsa, har ya samo sammun da ya lalata Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, yaron ya zama ɓarawo ya kuma kashe mahaifinsa bai sani ba. Kaɗaicin wannan littafi na namiji ne da aka fi ƙarfi da dukiya, kuma maganinsa a wurinsa shi ne barin gida, abin da dubban samarin wancan lokaci ke yi a zahiri idan suka hau jirgin ƙasa zuwa tsaunin kuza.

Labarin ya ƙetara zuwa Turanci ta hannun wani da ya san Jos tun yarinta. Cyprian Ekwensi, Ibo ne da aka haifa a Minna a 1921 ya kuma yi karatun farko a Jos, ya ji Hausa ya san rayuwar Arewa, kuma ɗan littafinsa When Love Whispers yana cikin na farko-farkon littattafan soyayya masu araha da suka yi tashe a kasuwar Anaca. A 1962 ya fitar da An African Night's Entertainment, inda sunayen Abu Bakir da Zainobe da Malam Shehu da Kyauta da zubin labarin duk suka yi daidai da na Jiki Magayi, lamarin da Neil Skinner ya yi nazari a kai daga baya ya kuma jawo muhawara kan iyakar aro a adabi. Ko yaya aka yanke hukunci a kan wannan, littafin Ekwensi ya shiga makarantun Nijeriya, ya kai labarin saurayin da aka ƙwace wa budurwa ga yaran da ba su jin Hausa.

Irin wannan haɗuwa ta sabon zamani da labarin so mai ɗaci ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gan ta ba, kuma adabin Japan misali ne mai amfani wajen gane abin da ya bambanta na Hausa. Bayan sauyin mulki na 1868, wanda ya buɗe ƙasar ga makarantun zamani da masana'antu, marubutan Japan sun cika littattafansu da matasan da suka rabu da tsohon tsari. A cikin Takekurabe, wanda Higuchi Ichiyo ta rubuta tsakanin 1895 da 1896, yarinya Midori da yaro ɗan gidan limamin addinin Buda suna son juna a unguwar da ke maƙwabtaka da gidajen karuwan Yoshiwara, amma ko sau ɗaya ba su furta ba har makomar da aka tsara wa kowannensu ta raba su. A Kokoro na Natsume Soseki, wanda ya fito a 1914, ɗalibi ya riga abokinsa neman auren yarinyar da suke so su biyu, abokin ya kashe kansa, shi kuma ya rayu shekaru da matar bai taɓa gaya mata abin da ke cin sa ba. Gajeren labarin Kawabata Yasunari na 1926 a kan 'yar rawar Izu ya bi ɗalibi maraya da ke tafiya shi kaɗai, ya shaƙu da yarinya a hanya, suka rabu a bakin teku. A waɗannan littattafai shingen yana cikin zuciyar mai so, shirunsa ne ke hana shi, labarin kuma yakan ƙare da rabuwa. A littattafan Hausa masoyan sun san abin da suke so, sun kuma faɗa wa juna, shingen yana wajensu, wato uba ko kaka ko mai kuɗi, shi ya sa marubucin Hausa ke jin wajibi ne ya yi hukunci a ƙarshe, ko masoya su yi aure ko alhaki ya kama wanda ya raba su.

Bayan Jiki Magayi jigon ya yi kusan shekara 45 bai sake samun babban gurbi a rubuce ba, domin Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966, sun fi mayar da hankali ga littattafan makaranta da na yaƙi da jahilci. A wannan tsakani sinima ce ta cike giɓin, domin 'yan kasuwa Kwarori sun riƙa shigo da finafinan Indiya, waɗanda suka sami karɓuwa a Kano da Kaduna da Jos, inda gidan sinima na Kwararafa ya yi suna. Brian Larkin ya yi bayani a wata maƙala ta 1997 cewa matasan Hausa sun ga kansu a waɗannan finafinai ne saboda rikicin da ke cikinsu, tsakanin zaɓin zuciya da umarnin iyaye, shi ne nasu rikicin. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara maza da mata, sai aka sami masu karatu da yawa da ba su da abin karantawa a harshensu. Gasar da NNPC ta shirya ta fitar da littattafai uku a 1980, biyu daga ciki na soyayya ne, wato Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wadda ake ɗauka mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, kuma a littafinta Boɗaɗo 'yar Fulani ce ta tsaya kai da fata a kan Yasir, wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Daga nan muryar budurwa ta shiga labarin.

Sana'ar rubuta littattafan soyayya ta kafu sosai ne bayan tattalin arziki ya taɓarɓare a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'o'in Kano. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin waɗanda suka buɗe ƙofa, sannan ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka haɗa marubuta suna taimakon juna da gyara da talla. Akan raba labari kashi biyu ko uku a ƙananan littattafai masu arhar takarda, a tsaya a inda hankalin mai karatu ya fi tashi, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu, dillalai su ɗauka a kan bashi su rarraba zuwa Zariya da Katsina da Sakkwato da Jos, har Maraɗi da Damagaram, masu shagon haya kuma su ba da littafi na kwana ɗaya ko biyu a kan 'yan kuɗi kaɗan, ta yadda kwafi ɗaya kan zaga gidaje da yawa kafin ya yage. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, shi ne ya fi shahara a wannan zango. Sumayya 'yar masu kuɗi ce ta fara aika wa Muhammad talaka wasiƙa, shi ya yi ta ja da baya saboda ya san matsayinsa, attajiri Abdulƙadir kuma ya bi ta hannun kakarta da kyaututtuka, har yarinyar ta rasa mai sauraronta a gidan da ke cike da danginta ta faɗa rijiya. Kakar da a tsohon tsari ita ce mafakar jika, a nan ita ce kuɗi ya saya, wasiƙa kuma ta maye gurbin ƙawar da ake aika da saƙo.

Marubuta mata sun kai wannan kaɗaici har cikin ɗakin aure. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, inda aka hana Abu karatu, wanda aka yi mata alkawari da shi ya guje ta saboda rashin karatun, aka ba da ita ga dattijo Sarkin Noma, ta gudu birni ta koma makaranta har ta tsaya da ƙafafunta. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, ta bi wata hanya, inda jarumarta ke haɗa ilimi da addini da iya zama da miji ta sami abin da take so ba tare da ta fita daga gida ba. Waɗannan littattafai sun tayar da ƙura, Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano yana nufin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka kare su a shafukan jaridu cikin shekarun 1990, gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, kuma a 2007 aka ƙona wasu littattafan a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Zafin martanin ya nuna cewa littattafan sun taɓo ikon iyaye a kan auren 'ya'yansu, wanda shi ne ainihin abin da ake jayayya a kai.

Rabon Jos a wannan zango ya fi fitowa ta fuskar fim, domin a nan hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, da cibiyar koyar da aikin fim da kwalejin talabijin ta NTA, kuma da labaran soyayya suka koma kaset ɗin bidiyo a shekarun 1990 garin ya ba masana'antar ƙwararru irin su Sani Mu'azu, Ali Nuhu kuma a Jami'ar Jos ya yi karatu. Sai dai rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da waɗanda suka biyo baya a Nuwamba 2008 da Janairu 2010, da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, sun raba garin gida biyu, Musulmi suka tattara a unguwanni irin su Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos, Kirista a irin su Unguwar Rukuba da Kabong, samari da 'yan matan da a da makaranta ɗaya da kasuwa ɗaya ke haɗa su suka tashi ba su san juna ba.

Littafin da ya fi kama wannan sabon kaɗaici da Turanci aka rubuta shi, amma a gidan Hausawa yake. Abubakar Adam Ibrahim, wanda aka haifa a Jos a 1979 ya kuma yi karatu a jami'arta, ya fitar da Season of Crimson Blossoms a 2015, ya ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG a 2016. Hajiya Binta Zubairu, mai shekara 55, an kashe mijinta a rikicin Jos ta koma gefen Abuja, an yi mata aure tana yarinya ba da sonta ba, kuma alkunya, wato al'adar da ta hana uwa kiran sunan ɗan fari ko nuna masa ƙauna a fili, ta sa ɗanta ya mutu ba ta taɓa jawo shi jiki ba. Reza kuwa, saurayin ɗan daba mai sayar da wiwi da ta faɗa soyayya da shi, uwarsa ce ta tafi ta bar shi tun yana ƙarami. A cikin gidan akwai yarinya Fa'iza, wadda aka kashe mahaifinta da ɗan'uwanta a gabanta a Jos, ba ta iya ganin jini ko nama, ba ta kuma iya faɗin abin da ta gani, sai ta lafe a cikin littattafan soyayya na Hausa da hotunan Ali Nuhu. Marubucin ya sanya littattafan Kano a hannun wadda ta fi kowa buƙatarsu, ya nuna aikin da suke yi wa mai karatun da bakinta ya rufe, ya kuma ƙi ba masoyansa ƙarshen aure, wanda a wannan fuska ya fi kusa da marubutan Japan fiye da na Raina Kama.

A yau shagunan haya sun ragu ƙwarai, labaran sun koma wayar hannu, marubuta mata na sakin su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na biya ta asusun banki, gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 kuma ta fito da sababbin sunaye. Wannan sauyi ya sa adana tsofaffin littattafan ya zama aikin gaggawa, domin an buga su a takarda marar ƙarko, da yawa babu shekarar bugu a jikinsu, kuma ɗakunan karatu na jami'o'i ba su tara su ba a lokacin da ake raina su. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar a 2004, wanda ya ƙunshi ɗaruruwan littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002, somin taɓi ne kawai. Mai nazarin tarihin aure a Arewa zai sami hukuncin alƙali a kundin kotu, ya sami adadin leburori a rahoton kamfanin kuza, amma abin da yarinyar da aka ɗaura wa aure take ji, da abin da saurayin da aka kora yake saƙawa, a waɗannan ƙananan littattafai kaɗai aka rubuta su da yawa, kuma matasan da abin ya shafa ne suka rubuta da hannunsu.